Waya Shida

A ƙasan akwatin Baba na same ta,
tsakanin rasit ɗin ruwa da hular da ya daina sawa:
'yar na'urar wasa, farinta ya koma na haƙorin maciyin goro.
Shekara ashirin da uku ke nan
da ya fizge ta a hannuna a zaurenmu na Rafin Daɗi,
ya ce sai na ci jarrabawa.
Na ci. Bai maido ba. Ban tambaya ba.

Na ɗura mata batir huɗu.
Ta yi gyaran murya, ta saki 'yar ƙararta ta dā,
amma allon ya makance,
baƙin tabo ya malale kamar tawada ta zube a aljihu.
Ga baki, babu ido.

To ni ma ai na girma.
Ina da teburi a Ƙofar Ƙaura,
rumfa rabi tawa, rabi ta Sagir mai cajin waya.
A haƙarƙarinta akwai wata 'yar kafa mai haƙora shida
wadda babu kebul ɗinta a kasuwa,
na aika har Kano, aka ce wannan sai dai a mafarki.

Sai na yanka wayar tsohuwar firinta da reza,
na fere jijiyoyi shida, kowace da launinta.
Ɗan koren allo na saya, bai kai kwalin ashana ba.
Ita tsohuwa ce, da ƙarfi take magana,
kwamfuta kuwa 'yar zamani, raɗa take so,
na jera rizista uku tsakaninsu su yi tafinta.

Aka ɗauke wuta ina tsakiyar liƙi.
Na kai ƙarfen wurin Gambo mai shayi,
na cusa a garwashi gefen tukunya,
na dawo da gudu kafin ya huce.
Dalma ta ɗiga a babban yatsana.
Har yau akwai shaida.

Daren farko: shiru.
Na biyu: ƙauri, da ɗan hayaƙi siriri,
Sagir ya janye wayoyin mutane yana salati.
Na uku na zauna da mita ina bin kowace jijiya,
ashe baki na haɗa da baki, kunne da kunne,
shi ya sa aka yi ta zaman kurame.
Na sauya shuɗiya da ja.
Na zuba duka cikin gwangwanin man zafi,
na huda murfin da ƙusa.

Sai ga haruffa suna tsiyayowa,
a hankali, kamar famfon unguwarmu da asuba.
Abin da ta riƙe duk shekarun nan
bai kai nauyin hoto guda ba.

Jerin gwanaye ne, mutum goma,
harafi uku-uku.
Na nemi MAN, wato Mansir, wato ni,
sarkin wasa na aji shida.
Ina can ƙasa, na goma.
Daga na ɗaya har na tara: DKO. DKO. DKO.
Maki dubu casa'in da bakwai,
ni da ko talatin ban taɓa haurawa ba.

Kura aka ba ajiyar nama.

Da la'asar na ɗauki kwamfutar zuwa gida.
Malam Dikko na kan tabarma yana gyara rediyo da bugu.
Na juya masa allon. Ya gyara tabarau,
ya daɗe yana karanta sunansa sau tara.

"Mi ka zo nuna mani?
Batir nike gwadawa, kar ya lalace."

Ya yi shiru. Yatsunsa biyu na motsi a kan gwiwa.

"Wanga gwangwani naka,
in an danna nan, can zai motsa?"

Na ce zai motsa.
Ya matsa mani gefen tabarma,
ya miƙo hannu.