Beguwa Mai Balan-balan

Wata goma sha huɗu na yi ina fentin ƙayar beguwa
a wani ɗaki mai warin kala a Burbank.
Mu tara ne, duk mata,
kowacce da farar safa a hannu guda, an yanke mata yatsu biyu.
Ƙaya arba'in da ɗaya ke bayan Ottie.
Ni na ƙirga, ni na sani.
In ɗaya ta ɓace tsakanin hoto da hoto
Mista Lindqvist zai dawo da aikin, ba ya cewa uffan,
sai dai ya ɗora yatsa a gurbin.

Ottie beguwa ce mai tallan balan-balan.
Abin dariyar ke nan, ba wani.
Ta hura, ta ɗaure, ta juya za ta ba da canji,
fus!
Kunkuru ɗan sanda ya iso bayan kowa ya watse,
ya zaro littafi yana neman shaida.
Ga jimina mai gidan haya,
in wata ya mutu ita ke tusa kai a rami
don kunyar tambayar kuɗinta.

Daren Talata, bakwai da rabi,
tsakanin labarai da tallan sabulu.
Akwatin gidanmu baƙi da fari ne,
jan da na wuni ina shafawa ya fito toka-toka.
Mahaifiyata ta ce, "To, ina aikin naki?"
Na ce, "Ga shi can, Mama, wancan duhun."

Mako goma sha bakwai.
Sai masu sabulu suka ce kwalliya ba ta biya kuɗinsu ba,
yara sun koma ɗaya tashar, wajen masu harbe-harbe.
Ranar Juma'a aka miƙa wa kowa ambulan.
Rosalind ta bar burushinta tsaye cikin shuɗi,
ko wankewa ba ta yi ba.
Kashi na sha takwas na kan teburina, rabi da launi, rabi tsirara.
A cikinsa ne balan-balan ɗaya zai tsira,
ya yi sama da Ottie tana reto a zarensa.
Ba wanda ya gani.
Ni ma rabi na gani.

Zanen kuwa, an wanke wasu don a mori ledar,
sauran mota ta kwashe zuwa bola.
Leopold, mai muryar kunkuru, ya koma sayar da firji.
Na taɓa shiga shagonsa,
ya ja "sannu da zuwa" a hankali, a hankali,
dariya ta ƙwace mini,
shi kuwa ya sunkuya yana goge abin da ba datti.

Guda ɗaya na fitar a ƙarƙashin rigar sanyi.
Sata ce, na sani, kuma har yau ban tuba ba.
Tana kwance a kwalin takalmi,
fentin ya tsattsage kamar fason ƙafa,
ƙaya uku sun ɓanɓare.

Shekaranjiya jikana Desmond ya tono a wayarsa
minti biyu masu makyarkyata,
wai wani tsoho a Ohio ne ya adana.
Ya kalla fuska a ɗaure kamar mai jiran bas,
har ta hura, ta ɗaure, ta juya.
Dariyar ta hanci ta kuɓuce masa.
Ya mayar baya. Ya sake.
Ya ce, "Kaka, ina sauran?"
Na ce babu saura, ɗan nan, iyakarta ke nan.

Sai na ce ya tsayar mini da hoton.
Na laluba tabarau, na matso da fitila,
na bi bayanta da farce ina ƙirga,
numfashi a riƙe kamar 'yar shekara ashirin.
Talatin da tara. Arba'in.
Arba'in da ɗaya, cif.

Mista Lindqvist ya daɗe a ƙasa,
amma na ji ya ɗage yatsansa.