Ƙulli Shida a Zaren Ulu

A Capachica, inda tafkin Titicaca
ke wayar gari da ƙanƙara a leɓe,
na taka da cikin wata biyar
zuwa ɗakin awo mai rufin kwano.
Laraba ce. Mu tara a benci,
kowace da malafarta, kowace da saƙa a hannu.

Malama Hilaria ta ɗauko 'yar tsana
ta manna a ƙirjinta. Muka tuntsire da dariya.
Ta jira muka gama.
Ta ce: "Ba kan nono kaɗai zai cafka ba.
Bari ya hangame baki, haɓarsa ta taɓa ki."
Sai ta ciro ɗan dankali daga aljihu,
bai kai kan babban yatsa ba.
"Ga cikin jariri ranar da ya faɗo.
Dakashin nan mai ruwan ɗorawa ya ishe shi."

Na sunkuyar da kai, allurar saƙa ta tsaya.
Dakashin Eusebio, ɗana na fari,
a toka na tatse shi, kwana uku,
don an ce tsohon nono ne, ya kwana a jiki.
Ruwan ganye muka ɗura masa da cokali.
Yana wata uku na ba shi romo.
Ya rayu, ga shi can yana kiwon tumaki,
amma shekarar nan gudawa ta san ƙofarmu
fiye da maƙwabta.
Ba wanda ya cuce ni. Ba wanda ya gaya mini.

Ba na karatu, don haka na tsinko zare ja
na ɗaura a bakin majanyi.
Duk tsayuwar wata, ƙulli ɗaya.

Da Wayra ta zo, cikin daren sanyi,
ban jira an wanke ta ba.

Ƙulli na biyu, kan nono ya tsage,
na ciji gefen bargo, na gyara mata kamu.
Ƙulli na huɗu, kukan dare ya ƙi ƙarewa,
surukata Saturnina ta tsaya a kaina
da kofin shayi yana tururi.
"Yarinya na jin ƙishi. Bakwai na raina."
Ban ce ta yi ƙarya ba,
ban kuma tambaye ta nawa suka saura ba.
Na miƙa mata zaren, na ce ta ƙirga.
Ta ƙirga. Ta shanye shayin da kanta.

Ƙulli na biyar na kusa karaya:
ranar kasuwar Juliaca, mota tun asuba.
Na tatsa a kwalbar da na tafasa,
na tafi rigata na jiƙewa,
ina sayar da cuku, hankalina na gida.

Ranar da na yi na shida
ta riga ta iya zama, tana bin cokalina da ido.
Saturnina ce ta murje dankali da hantar rago,
mai kauri, ba mai zubewa daga cokali ba.
Wayra ta yamutsa fuska, ta furzar
a kan zanen kakarta.
Gobe ma haka. Jibi ta haɗiye,
ta dube mu kamar mun ɓoye mata wani abu.
Daga nan kabewa, ƙwai, ɗan kifin tafki.
Nono bai tafi ba, baƙi kawai ya yi.

Yau shekararta biyu ba wata ɗaya.
Tana bin kaji da gudu, ta faɗi, ta tashi,
ta dawo ta ɗaga mini riga ba sallama.

Zaren ya koɗe.
Jiya ƙanwata Nicolasa ta zo da ciki ya turo.
Na kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya
na damƙa mata,
na ce Laraba ta zo da wuri, bencin ba ya da tsawo.