Kogon Ciki

Tsahara ta kawo faifan injin niƙa ƙulle a tsumma,
ya rabe biyu kamar goro.
Ba ta yi faɗa ba. Ta aje shi bisa benci,
ta ce, "Nomau, duba cikin aikinka."

Na duba.
Waje sumul kamar goshin jinjiri,
cibiyar kuwa kogo ne,
ɗan yatsana ya shige har gaɓa biyu.
Wata uku yana cin geron Gamkalle
da wannan rami a cikinsa, ba wanda ya sani.

Shekara ashirin da bakwai ina zubi a Yamai.
Na san ƙarfe in ya nuna,
farin nan mai cizon ido.
Na san yashin bakin kogi,
wanda ke riƙe amana da wanda ke zubewa.
Amma abin da ke gudana bayan an rufe mazubi,
a duhun nan,
ban taɓa gani ba. Wa ya gani?

Arzika, yarona da ya yi lakkol ɗin sana'a,
shi ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da ƙusa.
Ya ce, "Baba, ƙarfe ɗan'uwan tuwo ne,
gefe ke fara ɓawo, tsakiya na nan da zafinta.
Inda ya yi kauri, nan yake daɗewa ruwa-ruwa,
in ya zo daskarewa sai ya tsuke,
ya nemi ƙari,
hanya kuwa ta riga ta toshe.
Yunwar da ya mutu da ita, ita ce kogon."

Na ce a kwara masa ruwa daga waje.
Ya sunkuyar da kai don kada in ga dariyarsa.
"Sai ya tsage, Baba. Sanyin daga ciki za a ba shi."

Ya tsinto guntayen ƙarfe huɗu,
ya kankare tsatsa, ya ɗan gasa su raɓa ta fita,
ya binne su cikin yashin mazubi
daidai inda cibiya za ta kwanta.
Su za su sha zafin wurin tun da fari,
sanyi ya taso daga ƙasa, taki-taki,
ya haura zuwa bakin da muka bari a sama
cike da narkakke, yana shayar da na ƙasa
har ya ƙoshi.

Wuta ta dawo ƙarfe goman dare.
Muka narka tsofaffin sufurin mota,
muka zuba, ba gaggawa, ba yankewa.
Yashi ya yi huci, ya yi shiru.

Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin buɗewa.
Arzika ya zauna bisa akwatin kusa da shi
kamar mai gadin haihuwa,
muka sha shayi zagaye uku, sauro na cin rabonsa.
Jirage biyu sun sauka.
Ban ce komai ba, shi ma haka.

Da hantsi muka fasa yashi.
Na rataye faifan da waya, na buga guduma.
Ya amsa da dogon amo,
ba irin tarin nan na wancan ba.
Ban yarda ba duk da haka.
Biyu muka zuba, na sa zarto a ɗaya,
rabin yini ina yanka asarar jika takwas
don in ga ciki da idona.
Tam yake, kamar ƙwaryar dutse.

Tsahara ta ɗauki ɗayan, ban karɓi ko dala ba.
Fasasshen yana nan kan kanta, kusa da rediyo.
Wani lokaci, in yara sun tashi,
nakan sauko da shi in sa yatsa a ramin,
in lissafa faifai nawa na sayar kafin shi,
da garuruwan da suka tafi.