Gwaibar Bayan Ɗaki

A Kakuri, bayan ɗakinmu,
tsakanin rijiya da katangar Baba Yohanna,
akwai gwaibar da mahaifina ya dasa
shekarar da masaƙa ta sallame su.
Ya ce tunda hannu ya rasa zare,
bari ya kama aikin da ba a korar mutum.

Duk ƙarshen rani, kafin hadari ya fara haɗowa daga gabas,
sai ya ɗauko zarto da tsohon almakashin yadi,
ya zagaye ta sau uku bai taɓa ta ba,
kamar mai taya saniya a kara.
Sannan ya yanka.
Ni ina kan turmi ina ƙirga abin da ke faɗowa,
raina a ɓace:
kowane reshe, gwaiba goma ce ta tafi.

Shekarar da ya rasu ban kusance ta ba.
Ta cika, ta yi duhu, ta haye kwanon ɗaki,
rassa na gugar juna har ɓawo ya saɓule,
kauci ya samu masauki can ƙololuwa.
Da lokaci ya yi ta zubo da 'ya'ya birjik,
ƙanana kamar goro, ga tauri,
kowacce da tsutsarta a ciki.
Jemagu ma ɗanɗanawa suke su yar.

Baba Yohanna ya leƙo ta kan katanga.
"Tanimu, wannan tausayi ne ko ƙiwa?"
Na ce, "Hannunsa ne na ƙarshe a kanta."
Ya yi shiru, ya gyara hula.
"Hannunsa na jikin zarto. Je ka ɗauko.

Fara da busasshe, shi ba ya gardama.
Sai wanda ya ba rana baya ya nufi ciki.
In ka ga biyu na gogayya, raba faɗa,
ɗaya ya sauka.
'Yan tsiron gindin nan, ci suke ba sa biya,
tuge su.
Karkata yankan, ruwan sama ya zame,
kada ya kwana a bakin ciwo.
Buɗe mata tsakiya
har kurciya ta ratsa ba ta taɓa fiffike ba."

Na yanka, hannuna na rawa.
A ƙotar zarton akwai ɗan kwarmi
inda babban yatsansa ya cinye katako.
Nawa bai cika wurin ba.

Na ƙone kaucin.
Na yi mata kwari a gindi kamar akushi,
na zuba kashin kajin da ya huce,
toka saboda gara,
farar ƙasa daga saiwa zuwa gwiwata.
Asabe ta fito da kwanukan wanke-wanke, ta tsaya.
"Ƙwal-kwabo ka yi mata?
To ina zan riƙa shanya?"

Mako uku ba ta ce da ni komai ba,
gwaibar nake nufi.
Kullum ina alwala a gindinta, ina satar kallo.
Ran da ruwan farko ya sauka
ƙasa ta yi ƙamshi har cikin ɗaki,
kwana biyar, sai ga toho ja-ja-ja
a gefen kowane tabo.
Fure ya biyo, fari tas,
ƙudan zuma suka tashe mu tun asuba.

Bana ba su kai sittin ba.
Amma kowacce dunƙulen hannu ce,
ja a ciki, laushi har ƙwaya.
Ta farko na miƙa ta kan katanga.
Baba Yohanna haƙora biyu suka rage masa.
Ya karɓa, ya juya ta, ya kai hanci,
ya daɗe yana shinshina,
sannan ya ce,
"Reshen can na kudu,
baɗi ka rage masa kamu ɗaya."