Zobe a Faranti

Tirela ta iso Mil Tuwalf kafin assalatu,
buhunan agushi na ƙamshin ƙasar da ta sha rana.
Ni da Iya Risikatu muka baje faifai gefen kwata,
muna ɓarewa ɗaya bayan ɗaya,
ɓawo na zuba kamar yankan farce.
Shekara ashirin da uku ke nan,
babban yatsana ya yi kanta, ba ya jin allura.

Da la'asar Bahijja ta sauko daga danfo,
daga Akoka take, farar riga a naɗe cikin jaka.
Ba ta ko gaishe ni da kyau ba, ta miƙo waya:
"Umma, duba."
Wani farantin gilashi ne ya yi furfura
kamar tuwon da aka manta kwana uku,
amma a tsakiya ga zobe tas,
wuri fes kamar an share da tsintsiya.
"Nan na ɗiga abin da na tatsa daga agushinki.
Ƙwayoyin cuta sun zo har baki, suka tsaya."

Na ce, kamar ruwan Ketu da ya taɓa dokin ƙofa ya koma?
Ta yi dariya.
Ta ce akwai abin gina jiki a ciki, akwai mai,
akwai kuma wani abu mai hana tsatsa.
Na ce tsatsa? Mutum kwanon rufi ne?
Ta ce kusan haka, Umma,
iskar Legas ba ƙarfe kaɗai take ci ba.
"Sai dai kar ki fara tallan magani,
faranti ba mutum ba ne, da sauran aiki."

Ban gaya mata ba
cewa Inna Tambaya, can gida,
da man guna take shafe mana kaushi,
ba ta san sunan ko ƙwaya ɗaya ba.
Ban gaya mata shekarar da babanta ya kwanta ba,
nama ya gagara,
miyar nan ce ta tsayar mata da ƙafa har aji shida.

Iya Risikatu ta karɓi wayar, ta juya ta sama da ƙasa,
ta ce in haka ne, derika ta ƙara kuɗi.
Wata mai goyo ta tsaya tana taya biyu.
Na auna mata, na ɗora gyara,
Bahijja ta ja kujera, ta naɗe hannun riga,
ta ɗebi nata cikin faifai.