Jan Ulu a Dutsen Suda

Kwana biyar aka ba ni hutu
daga ɗakin haihuwa na Jidda.
Na cusa wa jaka gorar ruwa, da dabino,
da littafin da na shekara biyu ina yi wa alkawari,
da dunƙulen jan ulu, da tsinken saƙa biyu.
Tasalla ta leƙa ta ce,
“Dutse za mu hau, ko zaman jego za ki?”

A bayan Abha gajimare ba ya zama sama.
Ƙasa yake yawo kamar tunkiyar da ta ɓace,
ya shinshini gwiwa, ya wuce.
Mufarri, mai yi mana jagora, yana gaba,
furanni a kansa, wuƙa a ƙugu,
ba ya haki.
Ni ce mai haki.
Shekara hamsin da ɗaya na ɗauko,
kowace da nata nauyin.

Inda aka yada zango nan nake baje kolina:
littafi a cinya, tsakuwa ta danne shafi,
ido a rubutu, yatsu a ulu.
Arba’in da huɗu ne kowane layi.
Rigar sanyi ce ta jikan da bai iso ba,
yana can Jos, cikin Ummulkhairi,
yana shurin haƙarƙarinta da dare.

A littafin, wani mutum ya yi wa uwarsa ƙarya
kan kuɗin gonar da ya sayar.
Nan na zubar da ido uku ban sani ba.
Sai da aka yi la’asar na ga ramin,
ɗan ƙarami, kamar giɓin yaro.
Tasalla ta ce a warware.
Na ce a bar shi. Ai ya yi ƙaryar.

Saƙa ba ta rufa wa kowa asiri.
Ga inda ta tsuke, ranar da hanya ta koma faɗin tafi
rami na hagu yana kiran sunana.
Ga inda ta saki, bayan shayi da zumar magarya
da wata tsohuwa ta zuba mana, ta ƙi karɓar ko sisi,
ta juya saƙata baya, ta duba,
ta gyaɗa kai irin na wanda ya san aikin.

Rana ta huɗu dunƙulen ya kuɓuce.
Ya gangara, yana tsalle dutse zuwa dutse,
yana ja wa tsaunin jan layi
kamar malami na gyara jarrabawa.
Can ƙasa wani ɗan gwaggon biri ya cafe,
ya sansana, ya gatsa, ya ga ba ɓaure ba ne,
ya yar, ya juya mana baya.
Mufarri ya yi dariya har furensa ya faɗi.

Na zauna ina naɗowa.
Ya dawo da ƙaya, da ƙamshin itacen dutse,
da wurin da haƙori ya tsinka.
Hannun da ya ɗaure cibiya ta fi dubu
ba zai rasa ƙulla zare ba.
Ƙullin zai faɗo a hammatar hagu,
inda ba mai gani sai mai yi masa wanka.

Ban gama littafin ba.
Mutumin yana bakin ƙofar uwarsa
tun shafi na ɗari biyu da sha biyu,
hannu a sama, bai ƙwanƙwasa ba.
Na saka masa guntun ulu, na rufe.
Ya jira ni.

Gobe da asuba ina bakin aiki,
ƙafa a kumbure, yatsa da kanta,
riga saura hannu ɗaya.