Ɗinki Biyu

Rigar Malam Ɗalhatu na kan cinyata tun hantsi.
Aska takwas ya ce, kafin ɗaurin auren ƙanensa.
Uku na yi.
A ta huɗu barci ya sace ni,
allura tsaye cikin shadda, zare na lilo.

Da, ni ke cika randa kafin liman ya sallame asuba,
guga ashirin daga rijiyar gidanmu na Kwarbai,
ban san ƙugu na da baki ba.
Yanzu daga ɗaki zuwa madafa
kamar Ƙofar Doka zuwa Samaru ne a ƙafa.
In na farka sai in tarar da gajiya
zaune a bakin gado, ta riga ni wanke ido.

Zobena ya ƙi yatsa.
Takalmina ya ce bai san ƙafar ba.
La'asar a zaune nake yin ta,
ranar Talata ma a tahiya na yi gyangyaɗi,
Allah dai ya yafe.

A wurin awo Malama Rifkatu ta ja fatar idona ta leƙa,
ta ce jini ya yi ƙasa kaɗan,
ta ba ni jajayen ƙwayoyi masu ƙarnin ƙarfe.
"Ki ci zogale, ki ci hanta in da hali,
ki kwanta ta hagu, matashi tsakanin gwiwa.
In kin ji jiri, kada ki jira ranar awo."
In da hali!
Na yi dariya, ita ma ta yi.

Da yamma Shu'aibu ya shigo da hanta ta ɗari biyar
ƙunshe a takarda. Bai ce komai ba,
ya ɗauki guga.
Rabin ruwan a ƙasa ya ƙare.
Ban gyara masa ba.

Iya Tasalla kuwa cewa ta yi
su a zamaninsu daga bakin turmi ake zuwa kan gwiwa.
Sai ga ta bayan isha'i da kwanon kunun gyaɗa,
ta ɗora ƙafata a cinyarta tana murza man kaɗe,
tana ta faɗan raki irin na 'yan yanzu.

Can cikin dare, wata na bakwai,
ka motsa, ko kin motsa, ban sani ba tukuna.
Nan na gane ɗinki biyu na karɓa.
Ɗaya a waje,
ɗaya a ciki, inda babu fitila,
ana zana gira, ana jera farce,
ana haɗa gaɓa da gaɓa da zaren jinina,
ba hutun Juma'a.
Ashe ko barci nake, aiki nake.

Gobe zan aiki Ladidi wurin Malam Ɗalhatu,
ya ƙara mini mako guda,
ko ya wanke tsohuwar rigarsa.
Allura na nan inda na bar ta.
Bari in ɗan kishingiɗa.